Yanda Za A Sa Yaro Ya Riƙa Karatu Da Kansa Ba Amshi Ba: Jagora Ga Malaman Firamare Da Iyaye

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tagar ajin firamare da safe ya san wannan sautin. Malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi kaman za su ɗage kwanon, malam ya sake faɗa su sake amsawa. In daga waje kake ji sai ka ce ai karatu ya zauna. To shiga ciki ka ɗago yaro ɗaya daga bencin baya, ka buɗe masa shafin da ba a biya ba ka ce karanta min, nan ake yin ta. Shafin da aka biya kuwa zai kawo maka shi tas, amma dubi yatsansa, baki na layi na huɗu yatsa na nan kan layi na ɗaya bai motsa ba. Wannan waƙa ya haddace, takardar riƙo kawai yake mata.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF da wasu suka fitar a 2022, an ƙiyasta kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane abin da ya ƙunsa, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kai kashi 89. Dalilan da yawa, cunkoso, rashin albashi a kan lokaci, yunwa, duk gaskiya ne. Amma akwai guda ɗaya da yake hannun malami da uwa tun daga gobe, shi ne yaran namu ba sa samun zama su da takarda su biyu, su yi ta fama da ita da kansu. Mu da muka tashi da allo ai mun san wannan, duk yanda malam ya kai da iya biyawa in ɗalibi ba ya komawa gefe ya yi tilawa karatun zubewa yake. Boko ma haka take, sai dai ita an bar ta ba tilawa.

Ga yanda za a tsara abin, daga farko har ya zama jiki.

Da farko a san inda kowane yaro ya tsaya

Kar a fara da rabon littafi. Ajin da yaro yake ba ya gaya maka komai, sabida furomoshin ɗin namu kowa tafiya yake, sai ka samu ɗan aji biyar bai gama sanin baƙaƙe ba ga ɗan aji biyu na zuba karatu. Sami kwali guda ka raba shi gida biyar da maka, alƙalamin nan mai kaurin rubutu: haruffa goma a warwatse ba a jere ba, gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, tsa, sai kalmomi goma masu sauƙi, sai ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai labari na layi takwas ko goma. Ka kira yaro shi kaɗai, ba a gaban aji ba, ka fara masa da sakin layin. Ya wuce lafiya, a hau labari. Ya kakare, a sauko kalmomi, nan ma ya kasa a sauko gaɓoɓi har zuwa haruffa. Inda ya iya ba tare da wahala ba nan ne matakinsa, ka rubuta a gaban sunansa shikenan.

Wannan salon ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, wato a koyar da yaro daga inda ya tsaya ba daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai ba, kuma an gwada shi a nan gida, misali shirin KaLMA da aka fara a Dawakin Tofa da Wudil a jihar Kano a 2019. Minti biyu zuwa uku ya ishi yaro ɗaya. Mai yara 100 a aji ya ɗauki goma kullum lokacin tashin tara, sati biyu ya gama. Abu ɗaya dai, ka saki fuska. Yaron da ya ga bulala a kan tebur ko abin da ya sani ma ɓace masa yake, sai ka rubuta shi a matakin da ba nasa ba.

Sai maganar abin karantawa, nan aikin yake

Kowa zai ce ai babu littattafai. Kafin a ce babu, a fara buɗe kwabad ɗin ofishin hedimasta da sito. Makarantu da yawa na da littattafan da aka kawo, daga SUBEB, wato hukumar ilimin firamare ta jiha, ko daga shirye-shirye irin su Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, ko RANA a Katsina da Zamfara, amma suna nan ɗaure cikin kwali sabida ana tsoron yara su yaga a zo bincike a ce ina suke. Wallahi gara yaro ya yaga littafi garin karatu da a ce gara ce ta cinye shi sabo fil a sito. A zauna da hedimasta da 'yan kwamitin kula da makaranta (SBMC) a rubuta a takarda cewa an amince a fito da su, ta haka ba wanda zai ɗauki laifi shi kaɗai.

Na biyu intanet. Akwai African Storybook, akwai StoryWeaver, akwai Bloom Library, duka suna da labaran yara da Hausa masu hotuna, kyauta, an kuma jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Mai waya ya sauke, a kai shagon fotokwafi a buga baƙi da fari gaba da baya, ba sai mai kala ba. Amma a duba kafin a buga, wasu fassara ce aka yi da gaggawa, Hausar ta karkace ko an zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, kuma yaro mai koyo bai kamata a haɗa shi da rubutun da babba ma sai ya yi canki-canki ba. In kuskuren kaɗan ne a gyara da biro.

Na uku, wanda ni na fi so, ku rubuta da kanku. Farar takarda biyu irin ta fotokwafi, a ɗora ɗaya kan ɗaya a ninke tsakiya, an samu shafi takwas kenan. A yanko kwalin sabulu ko na taliya daidai girmansu a yi bango, a ɗinke gindin da allura da zare mai kauri, huda uku ta isa, in da salatif a bi gefen bangon da shi. Sannan a rubuta jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi da manyan haruffa, ba haɗaɗɗen rubutu ba. Na masu fara haɗa gaɓa kar ya wuce irin wannan: Kaka ta dafa wake. Wake ya nuna. Akuya ta zo. Akuya ta ci wake. Kaka ta bi akuya da muciya. Ka ga duk gaɓoɓin baƙi da wasali ne, ba mai sarƙaƙiya sai ɗaya ko biyu, ga shi kuma akwai abin dariya a ƙarshe, wanda shi ne zai sa yaro ya so buɗe shafi na gaba. Zanen kuwa a ba yaran, kowane aji akwai mai zane wanda kullum ake duka sabida ya cika bayan littafinsa da motoci, to ga aikinsa ya samu. Daga baya a riƙa shigo da kalmomi masu ts da sh da kw da gw da ƙy, irin su tsuntsu da gwangwani, a hankali.

Labaran ba sai an wahala ba. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, karin magana, yanda ake yin ƙuli-ƙuli, labarin ranar kasuwar garinku, yanda ake dasa albasa a fadama, wasan langa, hawan sallah. A ba 'yan aji shida aiki kowa ya je wajen kakarsa ya rubuto tatsuniya ɗaya, malam ya gyara rubutun a mai da ita littafi da sunan yaron a bango. Aji mai yara 60 ya ba ka littafi 60 a zango ɗaya, kuma za ka ga yanda ake rububin karanta na wane sabida an san shi.

Manya da suka riga suka iya, 'yan aji biyar da shida, su a nemo musu masu nauyi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa tun 1937, har gobe yana riƙe yaro sabida labaran gajeru ne kuma kowanne na jan na gaba, akwai Ruwan Bagaja, akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga su kuma ana samu a wajen masu sai da littattafai a manyan kasuwanni. Kar dai a miƙa su ga mai haɗa baƙi, zai tsani littafin a banza. Tsofaffin jaridu irin Aminiya ma suna yi, musamman shafin wasanni ga yara maza masu son ƙwallo, sai dai babba ya fara zaɓe, ba kowane labari ne na yara ba.

In an tara, a raba su kashi uku ko huɗu gwargwadon wuya, a shafa kala a gindin kowanne da maka, kore mafi sauƙi, shuɗi na tsakiya, ja na manya. Ajiya kuwa akwatin ƙarfe ya fi sabida ɓera da gara da yoyon damina. Akwatin ya zauna a aji, ko ya kwana ofis monita ya ɗauko shi kullum da safe. In da igiya a ɗaura daga taga zuwa taga a rataye littattafan kaman shanya bangonsu na kallon yara, abin da ido ya gani hannu ke kai wa.

Yaro ya zaɓa da kansa, amma cikin abin da zai iya

Wannan ƙa'idar ita ce ake yawan tsallakewa. Littafin karatun kai dole ya zama wanda yaro zai iya kusan duk kalmominsa ba taimako, in cikin kalma goma yana faɗuwa a fiye da ɗaya to ya yi masa nauyi. A koya musu gwajin yatsu: buɗe shafi ɗaya ka fara, duk kalmar da ta gagare ka ka lanƙwasa yatsa ɗaya, in yatsu biyar suka ƙare shafi bai ƙare ba mayar da shi ka ɗauki wani, za ka dawo masa wata rana. Kuma kar malam ya hana yaro maimaita littafin da yake so. Ko sau goma ya karanta labarin akuyar nan ba asara ba ce, a maimaicin ne saurin ke zuwa.

A yanke lokaci, kullum, ba sai an ga dama ba

Minti 15 zuwa 20 kowace rana, a lokaci ɗaya da kowa ya sani. Bayan an dawo daga tara ya fi dacewa a ganina, sabida da sassafe rabin aji ba su iso ba, dab da tashi kuwa yunwa da rana sun gama da su. A sa shi cikin jadawali da sa hannun hedimasta, in ba haka ba duk ranar da wani malami bai gama darasinsa ba wannan lokacin zai fara ci.

Me ya sa kullum? Wani bincike da Anderson da Wilson da Fielding suka wallafa a Amurka a 1988 kan 'yan aji biyar ya nuna masu karatun littafi wajen minti 20 a rana suna haɗuwa da kalmomi kusan miliyan 1.8 a shekara, waɗanda ke can ƙasa da kusan ba sa buɗe littafi kuwa wajen dubu 8 kacal. Dubi wannan ratar, a shekara ɗaya fa. Wanda ya iya yana jin daɗi yana ƙarawa, wanda bai iya ba yana gudu ana ƙara barinsa a baya, haka abin ke ta buɗewa har sakandare.

Kar a fara da minti 20 ranar farko, ba za su iya ba. Satin farko minti biyar, na biyu takwas ko goma, a haka a haka. Kuma satin farkon nan kusan duk koyon tsari ne: layi-layi ake tasowa a ɗauka, a wanke hannu ko a goge in an ci awara da manja, ga yanda ake buɗe shafi daga kusurwar sama ba a damƙe shi ba, ba a ninke littafi a tura aljihu. In aji ya cika maƙil ba wajen motsi a fita gindin bishiya, ko rabi ciki rabi a baranda. Kuma kar a ce dole sai tsit. Ƙananan yara da baki suke karatu, ƙus-ƙus ɗin nan da kake ji shi ne aikin, karatun zuci sai daga baya yake zuwa. Ihu ne kawai ba a so.

Malam kuma wannan ba lokacin makin ba ne, ba na duba WhatsApp ba ne, ba na leƙawa ajin maƙota a gaisa ba ne. A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa kan karatu a Amurka ya duba binciken da aka yi kan tsarin nan na a ce kowa ya yi shiru ya karanta, ya ce bai samu gamsasshiyar hujjar cewa hakan shi kaɗai na gyara karatu ba. Ni ban ga abin mamaki ba, yaron da bai iya ba in ka ba shi littafi ka juya baya hoto zai kalla har a kaɗa ƙararrawa. Don haka zagayawa za ka yi. Kullum ka tsuguna kusa da yara huɗu ko biyar, kowanne minti biyu, ka ce karanta min daga inda kake, ka saurara, ka sa alama a rijistarka ka wuce. A wata ɗaya ka ji muryar kowa ko da ajin ya kai 100.

In yaro ya kakare a kalma

Bakinmu na da sauri, yaro na tsayawa mun faɗa masa, ko sauran yara su yi caa su faɗa. Hana su, kai ma ka kame. Ƙirga biyar a zuciyarka tukuna, sau da yawa kafin ka kai biyar ya fito da ita. Bai fito ba, ka ce mene ne baƙin farko? Sa babban yatsanka ka rufe sauran kalmar ka bar gaɓar farko, ya faɗa, ka ja yatsa ka buɗe ta biyu, ma, ka, ran, ta, to haɗa su. Ya haɗa, sai ka ce koma farkon jimlar ka karanto gaba ɗaya, sabida ma'anar ta dawo masa. In an yi haka bai samu ba faɗa masa kawai a wuce, kar a mai da kalma ɗaya shari'a. Wanda kuma ya karanta kuskure ya wuce abinsa, bari ya kai aya sannan ka ce tsaya, abin da ka faɗa ya yi ma'ana kuwa? So ake ya saba kama kansa da kansa, don a gida ba ka nan.

Duka a kan karatu kam a bar shi. Daƙiƙi, jaki, ƙwaƙwalwar kifi, duk a bar su. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya a gaban aji zai iya shekara bai sake buɗe baki ba.

Waɗanda ba su kai ga karatun kai ba fa?

Su ma suna ciki, amma nasu daban. Masu matakin harafi da gaɓa a ba su katin gaɓoɓi da aka yanka daga kwali, su riƙa haɗa kalma a ƙasa, ka da za, kaza, a juya a samu wata, su rubuta abin da suka haɗa. Hausa na da sauƙi a nan sabida yawanci yanda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula biyar ne, yaron da ya kama baƙaƙe da yanda ake auna su da wasali cikin 'yan watanni sai ka ji ya fara karanta allon shaguna a hanya. Amma wannan sai an koyar da shi a darasi na daban, zaman akwatin littafi ba ya maye gurbinsa.

Sai karatun bibbiyu. A haɗa wanda ya ɗan fi da wanda ke biye da shi, ba na ɗaya da na ƙarshe ba, wannan haɗin ƙarewa yake da gori. Littafi ɗaya a tsakiya, wannan ya karanta shafi wancan na bi da yatsa, sai a juya. Wannan ma na rage matsalar ƙarancin littafi, 30 sun ishi yara 60.

Bayan an rufe littafi

Minti uku na hira, ba jarrabawa ba. Wa ya karanta abin dariya yau? Juya ka ba na kusa da kai labarin abin da ka karanta. Da kai ne Gizo me za ka yi? Kar a ce kowa ya rubuta taƙaitawa a kawo a yi maki, daga ranar da aka fara haka daɗin ya tafi, sai kwafe-kwafe. Sau ɗaya ko biyu a sati malam ya ɗauki littafi mai daɗi ya karanta musu da murya, da kwaikwayon muryar kura da ta Gizo har da tsamin bakinsa, in ya zo daidai inda labari ya ɗau zafi sai ya rufe ya ce yana cikin akwati ga mai so. Ka ga layi.

Kyauta kuma a yi hattara. In ka ce wanda ya fi yawan littafi zai samu biskit, za su riƙa buɗe shafi suna rufewa suna cewa na gama. Abin da ya fi aiki shi ne a ba yaro inda zai nuna iyawarsa, ya karanta ɗan labari a asambuli ranar Juma'a, ko 'yan aji biyar su sauka aji ɗaya su karanta wa ƙannensu. Mai rauni ma a ba shi, amma a gaya masa tun kwana uku kafin nan ya yi ta maimaitawa, ranar ya fito ya ba mutane mamaki.

Littafi ya tafi gida

Bayan kaman wata ɗaya, in sun iya riƙo, a fara aro. Littafin rubutu guda ya isa rijista: suna, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. A naɗa yara biyu, mace da namiji, su riƙe, suna son irin wannan muƙamin sosai. A ɗauka Alhamis a dawo Litinin, tunda yawancin makarantun allo da Islamiyya na hutu Alhamis da Juma'a, yaro na da sarari. Kowane littafi a saka shi a leda. Wasu za su ɓace, wasu ƙanne za su yaga, wani zai dawo da tabon miya, a sa wannan a lissafi tun farko. Kar a ɗora tara mai nauyi, ranar da aka ce uba ya biya kuɗi to ranar zai ce kar a sake kawo masa littafi gida. Wanda ya ɓatar a ba shi takarda ya kwafi wani da hannunsa ya mayar akwati.

Iyaye, musamman mata, a kira su a yi musu bayani da baki, takardar sanarwa ba ta isa ba. Da yawa za su ce Malam ni ban yi boko ba me zan iya? Kin iya da yawa. Kina tsintar shinkafa ko kina yankan kuɓewa ki ce zo zauna nan ka karanta min in ji, in labarin bai haɗu ba ai kunnenki zai gaya miki, ki ce a'a sake dai, ya aka yi kura ta shiga rijiyar? Wannan kaɗai ya wadatar. Uba in ya dawo ya miƙa masa takardar magani ko katin ɗaurin aure ko saƙon waya ya ce duba min nan, yaro ya ga karatunsa na da amfani a gida. Minti goma ne, bayan la'asar kafin duhu, ko da dare in akwai fitila mai caji. Sannan a faɗi gaskiya kan 'ya'ya mata, namiji ya dawo ya jefar da jaka ya tafi ƙwallo, ita kuwa wanke-wanke, raino, aike, wata ga talla, in ba uwa ce ta ce ajiye tsintsiyar nan ki ɗau littafinki ba wannan minti goman ba za ta taɓa samun shi ba.

Waya na taimakawa in ba takarda, amma a sauke labarin tukuna a kashe data sannan a miƙa, in ba haka ba kafin ka juya an koma TikTok.

Hausa ko Turanci?

Iyaye da yawa, musamman masu kai yara makarantun kuɗi, gani suke karanta Hausa ɓata lokaci ne. Ni dai ban yarda ba. Yaron da ke koyon karatu da Turancin da ba ya ji kaya biyu ya ɗauka lokaci guda, yana fama da haruffa yana fama da ma'ana, kuma ko ya furta daidai ba shi da yanda zai san daidai ne. Da Hausa kuwa yana haɗa kalma ya ji ta a kunnensa ya gane ta, wannan ganewar ita ke sa shi ci gaba. In ya iya, dabarar haɗa baƙi da bin layi da neman ma'ana duk da su zai tsallaka Turanci. Don haka akwatin ya zama da duka biyun, ƙananan aji Hausa ta fi yawa, ana hawa ana ƙara na Turanci masu hotuna da gajerun jimloli, a kuma riƙa bayanin sabbin kalmomi kafin a ba su, don rubutun Turanci ba ya bin furuci yanda na Hausa ke bi.

A riƙa aunawa

Sau ɗaya a wata, ko aƙalla farkon zango da ƙarshensa, a dawo da kwalin gwajin nan amma da sabbin kalmomi da sabon labari, kar su haddace. Masu matakin labari a sa agogon waya minti ɗaya, yaro na karantawa kana ɗiga alama a kalmomin da ya faɗi, minti na cika ka ƙirga waɗanda ya samu daidai, sannan ka yi masa tambaya biyu ko uku kan labarin, don akwai masu gudu kaman jirgi amma ba su san me suka karanta ba. Lambar a gwada ta da tasa ta watan jiya, ba da ta wani ba, a nuna masa, wancan watan 18 yanzu 26. Wanda aka ga wata biyu uku bai motsa ba a duba shi da kyau, yana matse ido in yana kallon allo? Sai an ɗaga murya yake ji? Yana yawan fashi? A kira iyayensa, wani tabarau kawai yake buƙata ko a dawo da shi bencin gaba.

In dogon hutu ya zo kar a kulle akwati a tafi, a nan ne karatun masu rauni ke zubewa. Kowane yaro ya tafi da littafi biyu, a haɗa su da 'yan unguwarsu su riƙa musaya, in akwai malami ko wani ɗan sakandare a unguwar da zai riƙe 'yan littattafai a zaure ranar Asabar to madalla. Takardar matakan yaran kuma a miƙa ta ga malamin da zai karɓe su a aji na gaba, da sunan kowa da kalar littafin da ya tsaya a kai, don kar ya sake farawa daga gwaji.